Kafin a Tura Labarin Wanda Ya Kashe Kansa

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci, musamman iyayenmu da 'yan'uwanmu na Wurno da Rabah da Goronyo da ƙauyukan da ke bakin gulbin Rima. Yau za mu taɓo maganar da ba a cika son ɗaga murya a kanta ba, wato mutum ya kashe kansa, da kuma abin da mu da muka rage muke yi da labarinsa. Tun daga farko ina so a sani cewa a cikin wannan shiri ba za a ji sunan wani mamaci na kusa ba, kuma ba za a ji bayanin yadda wani ya aikata ba. Da gangan aka yi haka, za a kuma gane dalili kafin mu rabu. Wanda yake saurare alhali shi kansa zuciyarsa tana cikin ƙunci, ina roƙonsa ya zauna da mu har ƙarshe, domin akwai maganar da ta shafe shi kai tsaye.

Magana ɗaya nake son tabbatarwa. Yadda aka ba da labarin wanda ya kashe kansa yana iya jan wani ya bi sahunsa, yana kuma iya dawo da wani da ya riga ya kama hanya. A da, nauyin wannan yana wuyan mutane ƙalilan, masu karanta labarai a Rediyon Rima ko sashen Hausa na BBC da Muryar Amurka da Jamus, da editocin jarida waɗanda labari ba ya fita sai ya bi ta hannunsu. Yanzu kuwa duk wanda ke da waya a aljihu ya zama gidan rediyo. Abu zai faru da hantsi a wani ƙauye na ƙasar Rabah, kafin azahar hoton ya shiga zaurukan WhatsApp na 'yan kasuwar albasa, kafin la'asar yana Facebook da TikTok, kafin magariba an bi shi da saƙon murya mai bayanin yadda aka yi da wanda ya jawo. Mafi yawan masu turawa ba mugunta ce ta sa su ba. Wani tausayi ne, wani firgita, wani yana ganin faɗakarwa yake yi. Amma kyakkyawar niyyar mai turawa ba ta canza abin da saƙon zai yi idan ya isa wayar wanda ya kwana bai runtsa ba.

An daɗe ana zargin haka kafin a iya aunawa. A 1774 marubucin nan na Jamus, Goethe, ya fitar da wani ƙagaggen labari game da wani saurayi mai suna Werther, wanda soyayya ta ƙi shi har ya halaka kansa. Littafin ya yi farin jini a Turai, aka riƙa raɗe-raɗin cewa samari suna kwaikwayonsa, har hukumomin birnin Leipzig suka hana sayar da shi. To amma raɗe-raɗi ba hujja ba ce, kuma a 1897 babban masanin zamantakewa na Faransa, Emile Durkheim, ya ce ko da kwaikwayo yana taɓa mutum ɗaya ko biyu, ba ya sauya yawan masu kashe kansu a ƙasa. An zauna a kan wannan ra'ayi shekaru masu yawa, sai a 1974 wani masani a Amurka mai suna David Phillips ya ɗauki alƙalami ya ƙirga. Ya tattara labaran kashe kai da suka fito a shafin farko na manyan jaridu daga 1947 zuwa 1968, ya duba adadin waɗanda suka kashe kansu a watan da labarin ya fito, ya gwada da irin watan a shekarar da ta gabata da wadda ta biyo baya. Ya tarar adadin yana tashi bayan mafi yawan waɗannan labarai. Bayan mutuwar 'yar fim Marilyn Monroe a watan Agusta na 1962, ya tashi da kusan kashi 12 cikin 100. Abin da ya fi ƙarfafa hujjarsa shi ne, gwargwadon kwanakin da labari ya yi a shafin farko gwargwadon tashin adadin, kuma ya fi tashi a yankunan da aka fi buga labarin. Shi ne ya raɗa wa abin suna tasirin Werther, kuma da wannan suna masana suke kiransa har yau.

Daga wancan lokaci zuwa yanzu an maimaita irin wannan ƙidaya a ƙasashe da dama. A watan Nuwamba na 1998 jaridun Hong Kong suka buga labarin wata mata da ta mutu ta wata hanya da kusan ba a san ta ba a garin, suka haɗa da hotuna da bayani dalla-dalla. Cikin 'yan shekaru wannan hanya ta zama ta biyu a yawan amfani a Hong Kong, ta kuma tsallaka Taiwan. Bayan mutuwar ɗan wasan barkwanci Robin Williams a watan Agusta na 2014, masu bincike na Jami'ar Columbia sun lissafa cewa daga Agusta zuwa Disamba an sami ƙarin mutum fiye da 1,800 a kan abin da aka saba gani a Amurka, kusan kashi 10 cikin 100, kuma ƙarin ya fi yawa a cikin maza. A 2020 wata babbar mujallar likitanci ta Ingila ta wallafa nazarin da ya haɗa bincike 31 wuri guda, ya nuna cewa bayan yayata mutuwar wani sananne adadin kan tashi da kusan kashi 13 cikin 100, idan kuma an faɗi hanyar da ya bi, masu mutuwa ta wannan hanya kan ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100.

Mu ma nan Najeriya mun ga namu. A 2019 an yi wasu watanni da kusan kowane mako sai an ji labarin wani matashi ko wata ɗaliba, kuma jaridu da shafukan sada zumunta suna ta nanata sunan wani kaya guda da ake sayarwa a shaguna. Aka yi ta sa sunan a kan labari, aka yi ta buga hoton kayan, har ya shiga bakin masu barkwanci, ya zama abin da matashi zai ambata da wasa idan ransa ya ɓaci. A tsakiyar shekarar hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da shi, kuma hakan daidai ne. Sai dai kafin a kai ga haka an riga an yi wa kayan tallar da kamfaninsa bai taɓa biya ba, an koya wa miliyoyin mutane abin da da yawansu ba su sani ba. Masu bincike da suka bi rahotannin jaridun Najeriya na kusan shekara goma sun tarar mafi yawansu suna faɗin hanyar da aka bi, suna kuma bayyana ko wane ne mamacin, amma da ƙyar ake samun wanda ya gaya wa mai karatu inda zai nemi taimako.

Yaya labari zai yi wannan aiki? Ai mutum dubu za su ji shi, su ce inna lillahi, su ci gaba da harkokinsu. Gaskiya ne, labari ba ya sa mai lafiya ya so mutuwa. Amma manomin fadamar Goronyo ya san cewa irin da ya faɗi a kan tudu mai tauri tsuntsu ne zai tsince shi, wanda ya faɗi inda ƙasa ta riga ta jiƙe shi ne ke tsira. A cikin dubun nan akwai wanda ciwon damuwa ya riga ya jiƙa zuciyarsa, wanda ya yi watanni ba barci ba cin abinci, yana jin ya zama kaya a wuyan iyalinsa. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da lura cewa irin wannan mutum zuciyarsa biyu take. Rabi yana son azabar ta ƙare, rabi yana son rayuwa, kuma lokacin da tunanin ya fi tsanani sau da yawa gajere ne, wani lokaci awoyi ne kawai, idan ya wuce sai ya lafa. Labarin da aka ba da ba bisa hankali ba yana shigowa ne a daidai wannan gaɓa. Yana nuna masa wani irinsa, mai shekarunsa, mai bashi irin nasa. Yana amsa masa tambayar da jahiltar amsarta ke tsare da shi, wato ta yaya. Sannan, kuma wannan ne mutane suka fi mantawa, yana nuna masa lada: ga gari duk ya ɗauka, ga waɗanda suka wulakanta mamacin suna kuka suna da-na-sani, ga sunansa a bakin kowa. Mutumin da ya yi shekara ba wanda ya tambaye shi lafiya yana iya ganin wannan a matsayin hanya ɗaya tak da za a ji shi.

Kuma ba wanda zai ce ƙasarmu ta gabashin Sakkwato ba ta jiƙe ba. Mutanen Tabanni a ƙasar Rabah ba su manta da harin Yulin 2018 ba, lokacin da aka kashe mutum fiye da 30, waɗanda suka tsira suka tare a Gandi a matsayin 'yan gudun hijira. Ranar Lahadi 17 ga Oktoba 2021 'yan bindiga suka faɗa kasuwar Goronyo, gwamnatin jiha ta ce mutum 43 suka rasu. Kafin wannan akwai ambaliyar 2010 da ta cinye gonaki da gidaje a bakin Rima. A bayan kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai magidancin da ya sayar da gona da shanu ya biya kuɗin fansa ya koma ba shi da komai, akwai matar da aka dawo da ita daga daji ba ta iya faɗin abin da ta gani, akwai yaron da ya ga an kashe ubansa. Wani abin baƙin ciki kuma, shekarun nan na tashin hankali sun saba mana da ganin gawa a waya. Hannu ya saba da turawa kafin zuciya ta yi tunani.

Na san akwai masu cewa, Malam, wannan ai zancen Turawa ne, mu Musulmi ne, mun san haramun ne, ba ma yi. Rabin maganar gaskiya ce. Addini garkuwa ne, kuma bincike da yawa ya nuna cewa riƙo da addini da zama cikin jama'a suna rage wannan haɗari. Amma garkuwa ba ta nufin kibiya ba ta zuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 700,000 ke kashe kansu a kowace shekara, kuma kusan kashi uku cikin huɗu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke. A ƙiyasinta na 2019, yankin Afirka ne ya fi kowane yanki, da mutum 11.2 cikin kowane 100,000, alhali na duniya gaba ɗaya 9 ne. A karkararmu mutuwa kaɗan ce ake rubutawa a takardar hukuma, kuma iyalin da abin ya faɗa wa kan ce rashin lafiya ce don kare mutunci, saboda haka rashin jin labari ba ya nuna rashin faruwa. Hanin kashe kai da ya zo a Suratun Nisa'i ga muminai aka yi shi, kuma littattafan hadisi sun kawo cewa abin ya faru a Madina tun zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ba a hana al'umma abin da ba zai taɓa samun ta ba.

Wasu kuma, kuma su ne suka fi yawa, hujjarsu ita ce izina. A yaɗa, a nuna hoton, a ce ga makomar mai yin haka, don na baya su ji tsoro. Wannan tunani yana da tushe a al'adarmu, kuma yana aiki a kan ɓarawo ko mai tuƙin ganganci, domin su suna son ransu. Wanda ciwon damuwa ya kama kuwa ba da wannan kunne yake ji ba. Tsoron mutuwa shi ne abin da ciwon ya fara cinyewa. Idan ya buɗe waya ya ga ɗaruruwan mutane suna rubuta cewa mamacin ɗan wuta ne, marar tawakkali, abin da yake ɗauka shi ne kada ya kuskura ya gaya wa kowa abin da ke ransa. Da haka tsinuwar da aka yi wa matacce take rufe bakin rayayye. Ba wanda ya ce malamai su daina karantar da hukunci. Haramun ne, babban zunubi ne, a faɗe shi a kan mumbari da makarantun zaure. Amma karantar da hukunci daban, yanke wa wane ɗan wane hukunci a Facebook daban. Mafi yawan malamai, har da na mazhabarmu ta Malikiyya, sun tafi a kan cewa Musulmin da ya kashe kansa ana yi masa wanka da sallah a rufe shi cikin Musulmi, al'amarinsa yana wurin Allah, kuma sun san cewa wanda hankalinsa ya gushe ba a kama shi da laifi kamar mai hankali. Wa ya san halin da ƙwaƙwalwarsa take ciki a wannan sa'a? Mu da muke kiran jana'iza sutura, muke hana kowa ganin gawa sai masu wanka, muke umartar mai wankan ya rufe abin da ya gani, da wace hujja za mu ɗauki hoton ɗan wani mu raba wa duniya, alhali uwarsa tana zaune a ɗaki ana yi mata gaisuwa?

Ƙorafin da ya fi nauyi daga 'yan jarida yake fitowa, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Suna cewa aikinmu faɗin gaskiya ne. Idan talauci da rashin tsaro suna kai mutane bango, in muka yi shiru mun rufa wa masu mulki asiri. Idan yarinya ta halaka kanta saboda auren dole, labarinta ne zai girgiza iyaye su daina. Ina girmama wannan magana, kuma ba shiru nake nema ba, domin shiru ma yana kisa. Sai dai a duba abin da irin wannan kan labari yake koyarwa. Idan aka rubuta cewa wance ta kashe kanta saboda an yi mata auren dole, ana fatan uba ya ji. Amma ba uba kaɗai ke ji ba. Akwai yarinya 'yar shekara 15 a wani gida da aka riga aka karɓi sadakinta, ta yi kuka ta gaji, ta kai ƙara wurin gwaggo ba a saurare ta ba. Abin da ita take koya shi ne, mai rai ba a jin ta, gawa ce ake ji. An ɗauki abin da ya kamata ya kare ta an miƙa mata a matsayin makami. Bayan haka, wannan kalmar "saboda" da muke saurin rubutawa sau da yawa ba cikakkiyar gaskiya ba ce. Dubban mutane sun ci bashi, dubbai sun faɗi jarrabawa, dubbai an rabu da su, suna nan da ransu. Inda aka bincika da kyau akan tarar da abubuwa da yawa da suka taru, galibi har da ciwon da ba a gano ba ko shaye-shaye. Ɗan jaridar da ya rataya mutuwa a kan dalili ɗaya ya sauƙaƙa labari har ya ɓata shi, ya kuma ɗora wa wani uba ko wata mata ko wani mai bin bashi laifin kisa ba tare da shari'a ba. Wanda yake son yaƙar auren dole yana da labarai masu ƙarfi da ba su buƙatar gawa: yarinyar da ta kai kukanta wurin hakimi ko alƙali ko limamin gari aka warware, da bayanin malamai a kan haƙƙin mace a neme yardarta. Wanda yake son tuhumar hukuma a kan tsaro, ƙauyukan da suka tashi da gonakin da ba a nomawa sun ishe shi shaida.

Mai zurfin tunani zai iya cewa, to ai manyan misalanka na shahararru ne, 'yan fim, mu kuwa zancen talakan ƙauye muke. Wannan tambaya tana da ƙarfi, domin nazarin nan na 2020 a kan shahararru ya sami hujja mafi ƙarfi, bai ga tashi a fili ba a labaran mutanen da ba a sani ba idan aka auna ƙasa gaba ɗaya. Amma ƙasa gaba ɗaya ba ita ce ma'aunin da ya dace da ƙaramin gari ba. A 2014 Madelyn Gould da abokan aikinta sun duba garuruwan Amurka inda matasa suka riƙa mutuwa a jere, ɗaya bayan ɗaya, tsakanin 1988 da 1996, suka gwada su da garuruwan da mutuwa ɗaya ta faru ta tsaya nan. Sun tarar a garuruwan da abin ya yi jere, jaridun wurin sun fi yawan buga labarin bayan mutuwar farko, sun fi sa shi a shafin farko, sun fi bayyana yadda aka yi. Abin da ke sa mutuwar shahararre ta yi tasiri shi ne mutane suna jin sun san shi. A Wurno ko Gandi kuwa ba ji ake yi ba, sani ne na haƙiƙa. Tare aka yi makarantar allo, tare ake zuwa fadama. A ganina wannan ya sa haɗarin ya fi kusa da mu, bai nisanta shi ba.

Saura masu cewa wanda zai yi zai yi, labari bai ƙara komai ba sai dai ya gaggauta abin da ke tafe. Phillips ya gwada wannan tun 1974. Da gaggautawa ce kawai, da bayan tashin an ga adadin ya faɗi ƙasa da yadda aka saba, tunda waɗanda za su mutu gobe sun mutu yau. Bai ga wannan faɗuwa ba. Hujjar da ta fi wannan kuwa daga Biyana take, babban birnin Ostiriya. A tsakiyar shekarun 1980 mace-mace suka yawaita a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin, jaridu kuma suna bugawa da manyan haruffa. A 1987 likitoci da ƙungiyar hana kashe kai ta ƙasar suka zauna da 'yan jarida, aka fitar da ƙa'idoji, jaridu suka rage kururutawa. Cikin wata shida abin ya ragu da fiye da kashi 70 cikin 100 a tashoshin, ya kuma zauna ƙasa shekaru bayan haka. Jirgi bai daina gudu ba, talauci da baƙin ciki ba su ƙare a Biyana ba, yadda ake ba da labari kaɗai aka canza. Imani da ƙaddara bai taɓa hana mu haƙa rijiya nesa da masai ko kai yaro rigakafi ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837 kuma kabarinsa yake can, ya rubuta littattafai a kan magani da cututtuka, bai ga hakan ya ci karo da tawakkali ba.

Daga Biyana ɗin ne kuma aka gano ɗaya fuskar, wadda ta fi faranta rai. A 2010 Thomas Niederkrotenthaler da abokan aikinsa suka nuna cewa labaran mutanen da suka shiga wannan tunani amma suka fita, suka sami mafita, suna tafiya tare da raguwar mace-mace. Suka kira shi tasirin Papageno, sunan wani mutum a wani wasan waƙa na Mozart, wanda ya yanke ƙauna sai wasu yara suka tuna masa cewa akwai wata hanya. A 2017 wani mawaƙin Amurka mai suna Logic ya fitar da waƙar da sunanta shi ne lambar wayar neman taimako ta ƙasarsu. Binciken da aka buga a 2021 ya ƙiyasta cewa a lokutan da waƙar ta fi tashe an sami ƙarin kira kusan 10,000, kuma mace-macen sun ragu da 245 a kan abin da aka yi tsammani. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, wadda tun 2000 take fitar da jagora ga 'yan jarida kuma ta sabunta shi a 2023, ta sa aiki da kafafen yaɗa labarai cikin manyan matakai huɗu da take ba ƙasashe shawara a kansu. Abin da jagorar ke nema ba mai wuya ba ne. Idan dole a ba da labarin, a ba da shi a taƙaice ba cikin kanun labarai ba, ba hoto, ba faɗin hanya ko wuri, ba karanta wasiƙar da mamaci ya bari, ba maimaitawa safe da yamma, kuma a rufe da inda za a sami taimako. Mai gabatar da shirin kiran waya ya kasance a shirye ya katse mai kira cikin ladabi idan ya fara bayanin yadda aka yi. Shugaban zauren WhatsApp ya goge hoton, ya gaya wa wanda ya turo dalili a keɓe ba tare da kunyata shi ba. Marubutan fim da littattafan soyayya su daina mayar da barazanar mutuwa shaidar ƙauna.

Akwai kuma wanda ya gwada kashe kansa, Allah ya kuɓutar da shi, kuma shi ne ya fi kowa buƙatar a rufa masa asiri. Dokar laifuffuka da Arewa ta gada tun 1960 ta mayar da yunƙurin kashe kai laifi mai ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, abin da ke sa iyalai ɓoye mara lafiya maimakon kai shi asibiti. Legas ta sauya tata zuwa umarnin kai mutum asibiti, Gana ta soke laifin a 2023, kuma a Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Kafin doka ta gama gyaruwa, mu ba sai mun ƙara masa da ɗaukar bidiyo ana yi masa tambayoyi a gaban taro ba. Wanda ya taɓa gwadawa yana cikin waɗanda suka fi haɗarin sake gwadawa, kuma kunya tana ƙara wannan haɗari.

Yanzu gare ka, ɗan'uwana, gare ki, 'yar'uwata, da wannan tunani ke zo muku. Abin da kuke ji ciwo ne da likitoci suka sani, yana da magani, kuma mutane da yawa da suka kai inda kuka kai yau suna nan suna rayuwa cikin iyalansu. Zuwansa a zuciya bai fitar da ku daga imani ba. Kada ku kwana da shi ku kaɗai. Ku gaya wa mutum ɗaya da kuka amince da shi yau ɗin nan, mahaifiya ce, aboki ne, malami ne, ko ma'aikacin lafiya na asibitin garinku. Ku kuma iyaye da maƙwabta, idan wani ya ce muku ya gaji da duniya, kada ku yi dariya, kada ku fara da faɗa. Ku zauna, ku tambaye shi a fili ko yana tunanin cutar da kansa, domin bincike ya nuna tambayar ba ta dasa tunanin, sauƙi take kawowa. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da duk wani abu mai haɗari daga inda hannunsa zai kai, a yi masa addu'a, sannan a kai shi asibiti. Babban asibitin garinku zai iya dubawa ya tura gaba. Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya yana nan Kware, kusa da mu, akwai kuma sashen masu wannan lalura a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a cikin Sakkwato. Zuwa Kware ba abin gori ba ne, kuma ba sai mutum ya fita hayyacinsa ake kai shi ba. Masu rashin barci da firgita da baƙin ciki mai tsawo suna zuwa a duba su a ba su magani su koma gida a ranar.

A nan za mu dakata sai shiri na gaba. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu.